Gashin Haƙarƙari a Gida a Tsarin Paleo: Ba Sukari, Ba Magi, Ba Ƙuli

Haƙarƙari na cikin sassan da suka fi daɗi a jikin dabba, kuma shi aka fi ɓatawa a gida. Sai a ɗora shi a kan wuta mai ƙarfi, bayansa ya ƙone, cikinsa ya ƙi nuna, a zo ci ana ja da haƙori ana zargin mahauci. Laifin na wuta ne da gaggawa. Tsokar da ke tsakanin ƙasusuwan nan ba ta hutawa muddin dabba na numfashi, don haka cike take da jijiya, kuma ba abin da ke narkar da ita sai sanyin wuta da dogon lokaci. Wanda ya gane wannan ya gama rabin aikin, kuma zai ga cewa sukarin da ake laftawa a kan haƙarƙari ba shi ne ke kawo daɗin ba.

Salon gashin da zan bayyana na Amurkawa ne, musamman mutanen kudancin ƙasar. A Memfis da Kansas Siti haƙarƙarin alade suka fi gasawa, kuma yawancin girke-girken haƙarƙari na paleo, wato tsarin cin abinci irin na mutanen da suka rayu kafin a fara noma, da ke yawo a intanet a kansa aka gina su. Mafi yawan masu karanta Hausa Musulmi ne, alade haramun ne a gare su, saboda haka da rago da sa da akuya za mu yi aiki. Ba ma wani baƙon abu ba ne a can: a Tekzas haƙarƙarin sa suke alfahari da shi, kuma gishiri da masoro kaɗai da yawansu ke sa masa. Ga waɗanda addininsu bai hana su alade ba, matakan duka ɗaya ne, lokacinsa kuwa yana faɗawa tsakanin na rago da na sa, wato kamar awa 3 a wuta mai digiri 150 a ma'aunin Celsius, wanda da shi za mu yi duk lissafin zafi a nan.

Abin da tsarin ya yarda da shi, da abin da ya hana

Tsarin paleo ya ginu ne a kan ra'ayin cewa jikin ɗan Adam ya fi sabawa da abincin da aka ci kafin a fara noma, kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Likita Boyd Eaton da Melvin Konner suka fito da batun a fagen ilimi a 1985, sai Loren Cordain na Jami'ar Jihar Kolorado ya yaɗa shi ga jama'a da littafinsa na 2002. Zuwa 2013 babu tsarin cin abincin da aka fi nema a Google kamarsa. Ana cin nama, kifi, ƙwai, ganye, 'ya'yan itatuwa da saiwoyi. Ana barin hatsi, wake da danginsa, madara, sukari, man da aka tace a masana'anta, da duk abin da aka sarrafa aka zuba a leda ko gwangwani.

Ni dai ban sayi labarin gaba ɗayansa ba. A 2009 wani masani mai suna Julio Mercader ya sanar da gano sitacin dawar daji a jikin kayan dutse a wani kogo a Mozambik, masu shekara fiye da 100,000. Ke nan mutanen wancan zamani ba su ƙyamaci hatsi ba, kuma gero da wake ba guba ba ne. Amma akwai abu guda da tsarin ya yi daidai a kansa: yana tilasta wa mai girki ta duba abin da take zubawa a tukunya. A wajen haƙarƙari kuwa nan ne gizo ke saƙar, don naman kansa ba shi da matsala, kayan haɗin ne ke da ita.

Yajin tsire da muka sani ba ya shiga, domin ƙuli-ƙuli ne ginshiƙinsa, gyaɗa kuwa dangin wake ce. Man gyaɗa ya fita saboda wannan dalili. Magi ya fita, don bayan gishiri akwai sitaci da sukari da sinadarin ƙara ɗanɗano a cikinsa. Daddawa ma, duk da tsufanta a girkinmu, daga kalwa ake yin ta, ɗorawa kuma dangin wake ce, shi ya sa masu tsanani ke barin ta. Miyar gashi ta kwalba da kecap su ne manyan masu laifi: cokali ɗaya na kecap yana ɗauke da sukari kusan giram 4. Abin da ya rage mana yana da yawa: citta, masoro, kimba, kanumfari, tafarnuwa, albasa, tattasai, barkono, tsamiya, dabino, zuma, riɗi, aya, manja, man kwakwa. Soyayyen man shanu yawancin masu bin tsarin sun yarda da shi, tunda suya ta fitar da gurbin madarar. Shi Cordain har gishiri ya ce a bari, amma kaɗan ne ke bin sa a wannan, ni ma ba zan ce ki gasa nama ba gishiri ba.

A wajen mahauci

Uwargida, kada ki bari mahauci ya sassara miki haƙarƙarin gutsi-gutsi kamar yadda ya saba yi wa masu farfesu. Tun kafin ya ɗaga adda ki ce masa awaza kike so a haɗe. Sa da rago da akuya duk ƙashin haƙarƙari 13 suke da shi a kowane gefe, kuma na tsakiya sun fi dacewa da gashi, don sun fi tsawo da daidaiton nama. Idan na sa ne, ya yanko miki ƙashi 3 ko 4 a haɗe, ya rage tsawonsu zuwa kamar taki guda yadda za su shiga farantin gashi. Ki tsaya a kansa kada ya feɗe tsokar da ke saman ƙashin ya sayar daban, abin da mahauta da yawa ke yi ke nan, su bar mai saye da ƙashi da tantani.

Ki duba kitse. Haƙarƙarin da ba shi da kitse ko kaɗan bushewa zai yi, wanda kuma kitsen ya rufe shi ruf zai gundure ki. Abin nema shi ne jan nama mai ɗigo-ɗigon fari a ciki, da siririn kitse a sama. Ragon da aka turke, Balami ne ko Uda, yakan zo da kitse mai kauri da sai an rage. Akuya ba ta da kitse sosai, tana buƙatar a shafe ta da mai. Masu paleo a Amurka suna biyan kuɗi mai tsoka don samun naman saniyar da ciyawa kawai ta ci, mu kuwa yawancin shanun da ke zuwa mahautarmu a kan ciyawa suka tashi. Sai dai akwai kuɗin da muke biya ta wata hanya: saniyar da ta yi shekaru tana yawon kiwo namanta ya fi tauri, don haka lokacin da girke-girken Turawa ke bayarwa ba ya isar ta. Ki ƙara mata awa guda a lissafi tun daga farko.

Rabin nauyin haƙarƙari ƙashi ne da kitsen da zai narke. Ki ƙiyasta rabin kilo ɗanye ga kowane babban mutum. Ma'aunin da ke ƙasa na kilo ɗaya da rabi ne.

Naman da aka yanka yanzu, kamar na ranar Sallah, bayan 'yan awoyi yakan sandare, kuma idan aka gasa shi a wannan hali tauri yake yi. Kwana ɗaya ko biyu a firiji yana sakin tsokar.

Cire tantani da gyara

Ki goge naman da tsumma mai tsabta ya bushe, ki cire ɓaraguzan ƙashin da sara ya bari. Sai ki juya shi, gefen ƙashi ya kalli sama. Za ki ga wani farin tantani mai sheƙi ya lulluɓe ƙasusuwan. Wuta ba ta narkar da shi, yaji kuma ba ya ratsa shi, in an bar shi sai ya ƙanƙance ya zama abin da ake tofarwa. Ki tura bakin cokali tsakaninsa da ƙashi na biyu daga gefe, ki ɗaga har yatsa ya samu shiga. Yana da santsi, hannu ba ya riƙe shi, sai ki kama shi da busasshen ƙyalle ki ja a hankali zuwa ɗaya gefen. A rago yakan taso gaba ɗaya. In ya tsinke, ki sake farawa daga ƙashi na gaba. A haƙarƙarin sa tantanin ya fi kauri, kuma shi ke riƙe naman a jikin ƙashi idan ya nuna, saboda haka ba laifi ki bar shi, ki tsattsaga shi kawai da bakin wuƙa.

Kitsen saman ki rage shi ya koma kaurin rabin santimita. Wanda kika yanke kada ki zubar, ki narkar da shi a ƙaramar wuta, da shi za ki gasa dankali.

Gishiri tukuna, yaji daga baya

Ki barbaɗa gishiri cokalin shayi 2 a duk jikin naman, wato kamar giram 8 ga kowane kilo. Ki ɗora shi a faranti ki sa a firiji ya kwana ba rufi. Da farko gishirin zai jawo ruwa waje, daga baya ruwan ya koma ciki tare da gishirin, saman naman kuma ya bushe, abin da zai ba shi launi mai kyau a wuta. Idan wutar lantarkin unguwarku ba abin dogaro ba ce, kada ki kwanar da ɗanyen nama a firijin da zai huce cikin dare. Ki sa gishirin ki bar shi minti 45 zuwa awa ɗaya a wuri mai sanyi, a rufe saboda ƙuda, ki wuce mataki na gaba.

Ga yajin. Busasshen tattasai dakakke cokalin cin abinci 2, shi ke ba da jan launi da ɗan zaƙi. Garin citta cokalin cin abinci 1. Garin tafarnuwa cokalin shayi 2, na albasa 2, masoro 1, barkono 1 ko fiye gwargwadon bakin mutanen gidanki. Kanumfari ƙwaya 4 ko 5 kawai, don in ya yi yawa ya danne komai. Kimba guda 2, ki ɗan babbaka ta a wuta, ki fasa ki zubar da 'ya'yan saboda ɗaci, ɓawon ake dakawa. Ki haɗa su a turmi ki daka, ki tankaɗe.

To me zai maye gurbin ƙuli? Aikin ƙuli a yaji biyu ne: yana ba da gardi, yana kuma sa yajin ya yi jiki ya kama nama. Riɗi yana yin duka biyun. Ki soya cokalin cin abinci 3 a busasshen kasko har ya fara tsalle yana ƙamshi, ki sauke ya huce, ki daka sama-sama. In kika matsa masa da daka mai zai fito ya cure. Garin busasshiyar aya ma yana yi, kuma masu paleo a Turai da Amurka da tsada suke sayen sa, tunda aya saiwa ce, ba dangin gyaɗa ba. Ita tana kawo zaƙi kaɗan, riɗi ya fi ta gardi. Ni riɗi na fi so a rago, aya a sa.

Ki raba yajin gida uku. Ki shafe naman da man shanu ko manja cokali ɗaya, ki barbaɗa kashi biyu, ki danna da tafin hannu ba tare da murzawa ba. Kashi na uku na kan faranti ne lokacin ci.

Miyar shafawa ta dabino da tsamiya

Wannan miya ita ke maye gurbin ta kwalba, kuma ana iya yin ta tun jiya. Ki cire ƙwallon dabino 8 zuwa 10, ki jiƙa su a ruwan zafi kofi ɗaya na minti 20. Busasshen dabino irin wanda ake kawowa daga Nijar yana buƙatar fiye da haka, har sai ya yi laushin da yatsa zai murƙushe shi. A wani kwano ki jiƙa tsamiya cikin tafin hannu guda a ruwan ɗumi rabin kofi, ki dama ki tace. Ki soya yankakkiyar albasa babba ɗaya a man shanu a ƙaramar wuta har ta yi ja-ja, kada ki gaggauta ta, rabin zaƙin miyar daga nan yake fitowa. Ki zuba tafarnuwa ƙwaya 4, ɗanyar citta kaɗan, attaruhu ɗaya, da manyan tumatir 4 da aka markaɗa. Idan ruwan tumatirin ya ƙone, ki juye dabinon da ruwansa, da ruwan tsamiyar, da gishiri rabin cokalin shayi. Ta dahu minti 25 zuwa 30, ki markaɗa ta ta yi sumul. Kaurin da ake so shi ne ta kama bayan cokali, in kin ja yatsa a kai layin ya tsaya.

Ki ɗanɗana. In tsami ya yi yawa, ƙara dabino biyu ko cokalin zuma. In zaƙi ya rinjaya, matsa lemun tsami. Idan da tumatirin gwangwani ko na leda za ki yi, karanta bayansa, da yawansu an haɗa su da sukari da sitaci.

Kada sunan paleo ya ruɗi kowa: dabino da zuma sukari ne a cikin jini. Mai ciwon sukari gara ya bar miyar ya ci da yaji kawai, haka ma mutanen Memfis ke cin nasu busasshen haƙarƙarin, kuma ba a ce bai yi daɗi ba.

Gashin kansa

Abin da ke faruwa a cikin naman shi ne wannan. Jijiyar da ke sa tauri tana fara narkewa ne idan zafin cikin nama ya haura digiri 70, ta koma wani ruwa mai danƙo, irin wanda ke sa romon ƙafar sa ya daskare in ya huce. Narkewar ba ta faruwa nan take, sai naman ya daɗe a wannan zafi. A ƙa'idar lafiya nama ya nuna tun a digiri 63, amma haƙarƙari a wannan mataki tauri ne zalla. Ba ya yin laushi sai cikinsa ya kai 90 zuwa 95. Wuta mai ƙarfi za ta kai shi can da sauri, amma kafin jijiyar ta narke ruwan naman ya ƙare, ki tashi da abu kamar kilishi mai ƙashi.

Idan kina da oben, ki kunna shi ya kai digiri 150. Ki ɗora naman a kan ragar ƙarfe, gefen ƙashi a ƙasa, ki sa faranti a ƙarƙashi ya tari kitse. Ki bar shi a buɗe, rago da akuya minti 45, sa awa ɗaya, har yajin ya bushe ya kama jiki, in kin taɓa ba ya biyo yatsa. Sai ki fito da shi, ki shimfiɗa foyil ninki biyu, ki kifa naman a kai gefen tsoka a ƙasa, ki zuba ruwa ko romo cokalin cin abinci 4 da ɗan ruwan tsamiya, ki naɗe tsam yadda tururi ba zai fita ba. Ki kula da bakin ƙasusuwan, su ke huda foyil. Ki mayar. Rago yana buƙatar awa ɗaya da rabi a naɗe, akuya kusan awa 2, sa awa 2 da rabi zuwa 3, tsohon sa har fiye.

Naɗewar tana da dalili. Idan cikin nama ya kai wajen digiri 65 zuwa 75, zafinsa yakan tsaya cak na dogon lokaci, domin ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi. Masu gashin Amurka sun san wannan tsayawa sosai, wasu su jira ta wuce, wasu su naɗe. Ga namanmu da ba shi da kitse mai yawa a ciki, naɗewa ta fi, don jiran yana busar da shi.

Idan da gawayi za ki yi, ki nemi abin gashi mai murfi, ko da rabin duro ne. Gawayin ƙirya ya fi, yana daɗewa bai zama toka ba, kuma ita ƙirya 'yar uwar itacen meskit ce da mutanen Tekzas ke gashi da shi. Kada ki hura da kananzir ko leda, warin yana shiga nama. Ki jira garwashin ya yi fari-fari, ki ture shi duka gefe ɗaya, ki ɗora naman a ɗaya gefen inda babu wuta a ƙarƙashinsa, ki rufe, ki bar ƙaramar kafa ta saman naman don hayaƙi ya bi ta kansa ya fita. In kin lura da mai balangu, manyan yankan ba a tsakiyar wuta yake barin su ba, can gefe yake tura su su yi ta nuna a hankali yana sallamar masu tsire. Gwajin zafi ba ma'auni: ki riƙe tafin hannu kamar taki guda a saman inda naman zai zauna. In kin iya ƙirga 8 zuwa 10 kafin ki janye, wutar ta yi. In tun a 4 kin janye, ki rage garwashi. Duk minti 45 ki ƙara gawayi cikin hannu ɗaya, ki juya naman gefen da ke nesa ya matso. Bayan awa ɗaya ki naɗe a foyil kamar na oben. Takardar buhun siminti da jarida ba abin naɗe abinci ba ne. Gawayi kuma a tsakar gida ake hura shi, ba a ɗaki ko rufaffen kicin ba, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.

Wadda ba ta da oben ba ta da abin gashi mai murfi, tukunya mai kauri ta ishe ta. Ki yanka albasa 3 manya-manya ki shimfiɗa a gindin tukunyar, ki raba haƙarƙarin ƙashi bibbiyu ko uku-uku ki jera a kai, ki zuba ruwa rabin kofi, ki rufe bakin da foyil sannan murfi. Wuta can ƙasa, yadda za ki riƙa jin ɗan motsi kawai in kin kasa kunne. Rago awa ɗaya da rabi zuwa 2, sa awa 3. Duk rabin awa ki leƙa, in ruwan ya ƙafe ki ƙara kaɗan. Abin da ba na so shi ne tafasa haƙarƙari a ruwa tsundum kafin gashi. Zai yi laushi, amma daɗin ya tafi cikin romo, abin da za ki gasa saura ne. Kanwa ma ba ta da gurbi a nan, tana canza ɗanɗano ta sa naman ya yi yauƙi.

Yadda za ki gane ya yi

Agogo jagora ne kawai, dabba ta bambanta da dabba. Ki buɗe foyil ɗin ta gefen da ba fuskarki ba saboda tururi. Naman zai ja baya daga bakin ƙasusuwan kamar santimita ɗaya, kawunansu su fito fili. Ki soka tsinken sakace a tsokar da ke tsakanin ƙashi biyu, a wuri mafi kauri. In ya shige ba turjiya ya fito ba ja, ya yi. In kin ji ya ɗan tsaya a tsakiya, ki naɗe ki ba shi minti 20, ki sake gwadawa. A rago ki kama ƙashi ɗaya ki murɗa, ya kamata ya motsa amma kada ya zare. Idan ƙasusuwa na zamewa da kansu, ya ɗan wuce, ki ɗauke shi da hankali don kada ya watse a mataki na gaba.

Haƙarƙarin da ya yi tauri kusan kullum bai gama nuna ba ne. Mutane kan ɗauka ya wuce, su sauke, alhali minti 30 ya rage masa.

Shafawa da ƙarasawa

Ki tsiyaye ruwan da ya taru a foyil ko tukunya a kofi, ki kwashe kitsen da ya taso, ki juye sauran a miyar dabinon ki ɗan tafasa. Ki ɗaga oben zuwa digiri 200, ko ki baza garwashi. Ki shafa miyar siriri a gefen tsoka, ki mayar a buɗe minti 5 zuwa 7, ki sake shafawa, ki ƙara wasu mintuna 5. Nan ba wurin barin wuta a je wani aiki ba ne. Zaƙin dabino da zuma yana ƙonewa da wuri fiye da farin sukari, tsakanin sheƙi mai kyau da baƙi mai ɗaci bai fi minti biyu ba. Shi ya sa ba a shafa miyar tun farko. A kan garwashi, in kitse ya ɗiga wuta ta tashi, ki janye naman gefe har ta lafa, inda ya yi baƙi ƙirin kuma ki kankare.

Ki sauke, ki rufe sama-sama, ya huta minti 10 zuwa 15. Ki kifa shi gefen ƙashi a sama don ki ga inda wuƙa za ta bi, ki yanka tsakanin ƙashi da ƙashi. A barbaɗa sauran yajin, a matsa lemun tsami. Rago da zafinsa ake ci, kitsensa yana saurin daskarewa a baki.

Abin haɗawa

Tunda shinkafa da burodi da masa sun fita, dankalin Hausa ne abokin tafiya. Ki yanka shi tsaye-tsaye, ki juya a kitsen da kika narkar da ɗan gishiri, ki sa a oben tun ana saura minti 40 a gama. Gasasshiyar doya, rogo, kabewa da agada duk suna shiga. Dankalin Turawa ana saɓani a kansa, Cordain ya hana, wasu da yawa suna ci. Kwaɗon zogale ko na rama ya dace ƙwarai da nama mai maiƙo, sai dai a kwaɗa da dakakken riɗi a madadin ƙuli, da tumatir da albasa da lemun tsami. Ganyen ya fi naman yawa a faranti. Masu binciken cutar daji suna ba da shawarar kada jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 dafaffe a mako, kuma tsarin paleo bai soke wannan ba.

Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje, a lokacin zafin bazara awa ɗaya. A firiji mai aiki yana kwana 3 zuwa 4. Wajen ɗumamawa ki naɗe shi a foyil da cokali biyu na ruwa, a ƙaramar wuta, har cikinsa ya yi zafi sosai. Ƙasusuwan da kika zare kafin rabawa, musamman na sa, ki zuba su a tukunya da albasa da citta da kimba, ruwa ya rufe su, su dahu awa 3 a ƙaramar wuta. Ki tace romon, ki zuba a ƙananan robobi ki daskarar. Shi za ki riƙa sawa a miya inda da kike jefa magi.